Yadda muka shirya wa muhawara da wakilin shugaba mai ci a Kaduna

Duk lokacin da zaɓe ya matso, gidajen rediyon Kaduna sukan gayyaci wakilan jam'iyyu su zo su kare 'yan takararsu na shugaban ƙasa. Sau da yawa wanda ɓangaren adawa ya tura yakan shiga ɗakin watsa shiri da zafin rai kawai, ya fito bai san inda aka kayar da shi ba. A watan Janairun 2019 aka ɗora mini shirya irin wannan wakili. Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a Kaduna, na daɗe ina horar da ɗalibai a gasar muhawara, shi ya sa wani aminina da ke kwamitin yaƙin neman zaɓe na ɗaya daga cikin jam'iyyun da ke ƙalubalantar Shugaba Muhammadu Buhari ya ce in zo in sa hannu. 'Yan takara 73 ne suka nemi kujerar a wannan shekarar, kuma ba zan ambaci namu ba, don abin da zan faɗa ya shafi duk wanda zai tunkari mai ci, ko wace tuta ya riƙe.

Takardar gayyatar ta riga ni isa ofishin jam'iyya. Ta jima a cikin wani fayil ba wanda ya amsa ta, don kowa yana ganin aikin wani ne. Da na karanta, layi kaɗan ne: ga rana, ga lokaci, a turo mutum ɗaya. Ba bayanin tsari ko kaɗan. Kwamiti ya riga ya zaɓi wani lauya, dattijo mai natsuwa, wanda zan riƙa kira Barista a nan. Abu na farko da na roƙa shi ne sakatare ya rubuta takardar amincewa a kan takardar jam'iyya mai tambari, da sunan wakilin, da sunana a matsayin mai rakiya. Da ita na hau Keke Napep zuwa gidan rediyon. A bakin ƙofa masu gadi suka karɓi katin shaidata, suka sa na rubuta suna a littafi, sannan na zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar, saboda furodusan shirin ya fita ɗaukar rahoto. Wanda zai je, ya fara neman lambar furodusa ya kira, don shi ne mai shirin. Mai gabatarwa muryarsa kawai kuka sani, tsarin ba a hannunsa yake ba.

Da ya dawo, na zauna da shi da biro da takarda. Na tambaye shi ko kai tsaye za a watsa ko naɗa za a yi, da Hausa zalla ko za a gauraya, minti nawa kowa zai samu a buɗewa da rufewa, wa zai fara, ko akwai damar mayar da martani bayan abokin hamayya ya yi magana, ko za a buɗe layi ga masu sauraro, ko an yarda a shiga da takardu. Na kuma tambayi abin da mutane ke jin nauyin tambaya, wato ko shirin na gidan ne ko wani ne ya saya. Wannan yana da muhimmanci, domin idan wani ɓangare ya biya kuɗin filin, kai baƙo ne a gidansa. Namu na gidan ne, ba mu biya ko kwabo ba. Dokar Zaɓe ta 2010, wadda ake aiki da ita a lokacin, ta wajabta wa kafafen yaɗa labarai su raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu, haka ma ƙa'idojin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Ban je da niyyar karanta wa kowa doka ba, amma sanin ta ya sa na yi magana ba tare da rawar murya ba. Muka tsaya a kan awa ɗaya kai tsaye, minti uku na buɗewa, minti biyu ga kowace amsa, minti ɗaya na martani, sannan kiran waya. Na roƙe shi ya turo mini wannan a rubuce ta WhatsApp, ya turo.

Tambaya ta ƙarshe da na yi masa ita ce, idan wakilin gwamnati bai zo ba fa? Ya ce shirin zai gudana da wanda ya zo. Wannan amsa ta jawo gardama a kwamiti, domin a kwanakin ne aka yi muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta 19 ga Janairu a otal ɗin Transcorp Hilton na Abuja, wadda ƙungiyar shirya muhawarar zaɓe ta NEDG da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta BON suka shirya. Shugaba Buhari bai halarta ba. Atiku Abubakar ya iso wurin, da ya ga babu shugaban sai ya juya, aka bar Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye a kan dandamali. Wasu a kwamitinmu suka ce mu ma haka za mu yi, idan ba su zo ba mu fice. Na ƙi, kuma har yau ina kan ra'ayina. Mai ci yana da dalilin gudun muhawara, don tsayuwa kafaɗa da kafaɗa da ɗan adawa ɗaga darajar ɗan adawar ne. Kai mai nema ba ka da wannan dalilin. A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan bai je muhawarar tashar NN24 ba, amma Buhari da Nuhu Ribadu da Ibrahim Shekarau suka tsaya, kuma mutane da yawa a kudu daren nan suka fara sanin bakin Malam Shekarau. A Kenya a 2017 Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙi zuwa, Raila Odinga ya tsaya shi kaɗai ya amsa tambayoyi ƙasa na kallo. Awa guda ta rediyo kyauta ba abin da talakan jam'iyya zai yi fushi ya bari ba ne. Barista ya goyi bayana, aka rufe maganar.

Daga nan sai neman hujja. Na shiga wani shagon kwamfuta a Unguwan Sarki na sauke rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, wanda ya fito a watan Disamban 2018. Ya nuna rashin aikin yi ya kai kashi 23.1 cikin ɗari a zango na uku na 2018, daga kashi 18.8 a daidai wannan lokaci na 2017, wato mutum miliyan 20.9. Na haɗa da farashin man fetur, wanda ya tashi daga naira 87 a 2015 zuwa naira 145 a watan Mayun 2016, da karayar tattalin arzikin 2016, da hauhawar farashi da ta haura kashi 18 a farkon 2017 kafin ta sauko zuwa wajen kashi 11. Saukowar ma na rubuta ta, don na san abokin hamayya zai kawo ta. Duk adadin da na ɗauka sai na buga shafin da yake ciki, mai tambarin hukumar, na ja masa layi da jan biro. Mun ɗauki ƙa'ida cewa ba za mu yi amfani da adadin da ba na hukumar gwamnati ba, domin wakilin gwamnati ba zai iya ƙaryata ofishin gwamnatinsa ba. Kuɗin da muka kashe a wannan mataki na data ne da buga takardu da hoto, ba su taka kara sun karya ba, kuma daga aljihunmu suka fito. Wani ya ba da shawarar mu rubuta wa wata ma'aikata takardar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Mun rubuta, an buga mana hatimin karɓa, amma amsa ba ta zo kafin ranar shirin ba. Wanda zai bi wannan hanya ya fara tun watanni kafin kakar zaɓe.

Abin da ya canza mana tsari gaba ɗaya ba a takarda na same shi ba. Na ce wa Barista mu zaga gari mu ji bakin mutane, ba tare da hular jam'iyya ba. Muka je Bakin Dogo wajen masu kayan abinci, muka shiga Kasuwar Barci wajen teloli, muka tsaya tashar Kawo, muka leƙa Kakuri inda manyan masaƙu suke a rufe. A Kasuwar Barci wani tela mai furfura ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinkinsa, ya nuna mana ƙaramin janareta a bakin shago da galan ɗin mai a gefensa, ya lissafa mana abin da yake kashewa a kai kullum da yadda ɗinki ya ja baya. Barista ya ce, "To Baba, ke nan a canza gwamnati?" Sai tsohon ya dube shi ya ce, "Alhaji, ai shi mutumin kirki ne. Waɗanda suka kewaye shi ne matsalar." Wannan jimlar mun ji ta a bakin mai shinkafa, mun ji ta a bakin direba, mun ji ta a bakin wata mai sayar da ƙosai. Mutane suna kuka da halin da suke ciki, amma ƙaunarsu ga mutumin tana nan.

Da wannan na koma kwamiti, kuma nan ne aka fi tayar da jijiyar wuya. Matasanmu sun zo da nasu jerin: maganar rashin lafiyar shugaban da doguwar jinyarsa a Landan a 2017, maganar takardar sakandare, har da jita-jitar nan ta cewa wai an musanya shi da wani Jubril daga Sudan, wadda shi da kansa ya ƙaryata a Poland a watan Disamban 2018. Suka ce wannan ne ke tashe a Facebook. Na ce musu su tuna a 2015 Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 1.1 a jihar Kaduna. Wanda zai kunna rediyo ya saurare mu, mafi yawanci shi ne ya yi layi cikin rana ya zaɓe shi, wani ma ya sayi katin waya ya tura gudummawa. Shi muke nema. Wanda ya riga ya tsani gwamnati namu ne ko ba mu yi magana ba. Idan ka zagi shugaban, mai sauraro zai ji kamar shi ka ce wa mara wayo, kuma ba wanda ke canza ra'ayi a lokacin da ake kunyata shi. Dole ka buɗe masa ƙofar da zai fito da mutuncinsa, ya ce zaɓin da na yi a 2015 da kyakkyawar niyya na yi, amma yanzu ina da damar sake lissafi. Na ba su labarin Ronald Reagan, wanda ya kara da Shugaba Jimmy Carter a Cleveland ranar 28 ga Oktoban 1980, mako guda kafin zaɓen Amurka. A jawabin rufewa ya bar Carter gefe, ya tambayi masu kallo ko rayuwarsu ta fi yadda take shekara huɗu da suka wuce. Ya miƙa musu alƙalancin, kuma ya ci zaɓe. Shugabar mata ce ta raba gardamar. Ta ce, "Malam ya yi gaskiya. Ni ko a gidana ba zan iya zagin Baba ba, surukata za ta tashi ta bar ɗakin." Aka soke jerin matasan.

Sai muka zauna muka rubuta duk abin da wakilin gwamnati zai yi tinƙaho da shi. Ba wuya, don suna cikin daftarinsu na Next Level kuma kullum ana jin su a rediyo: jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, N-Power mai biyan naira 30,000 a wata, ciyar da 'yan firamare, bashin TraderMoni na naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa, bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ƙananan hukumomin da aka ƙwato daga Boko Haram, da aikin titin Abuja zuwa Kano. Ƙa'idar da muka bi ita ce, abin da yake gaskiya a amsa shi da sauri, a wuce zuwa abin da ke bayansa. Jirgin ƙasa shi ne misalin da muka fi daɗewa a kai. Wasu suka ce a ce ai gwamnatin baya ce ta fara aikin a 2011, shi kawai buɗewa ya yi a watan Yulin 2016. Gaskiya ne, amma mutumin Rigasa da yake ganin jirgin da idonsa ba ruwansa da wanda ya aza tubali. Amsar da muka tsara ita ce a yaba jirgin, sannan a tambaya me ya sa manya da ƙanana suke turmutsitsin neman tikiti a tashar Rigasa alhali ga titi a shimfiɗe. Kowa a Kaduna ya san dalili, tsoron masu garkuwa da mutane ne a hanyar Abuja. Daga nan hanya ta buɗe zuwa Birnin Gwari da kashe-kashen da aka yi a can a 2018. Wannan maganar kuma muka yarda za a yi ta da sanyin murya, da addu'a ga mamata, ba tare da ambaton ƙabila ko addinin kowa ba. Rikicin Kasuwan Magani na watan Oktoban 2018 da dokar hana fitar da ta biyo baya ba su daɗe ba, kuma kalma ɗaya a rediyo tana iya tayar da unguwa.

Rabin aiki ke nan. Mai ƙalubalantar mai ci hujja biyu ake binsa: dalilin sauke wancan, da dalilin ɗora nasa. Yawancin wakilai a ta farko suke ƙarar da lokacinsu. Muka ɗauko daftarin manufofin ɗan takararmu, muka tace shi zuwa abu uku da suka shafi Kaduna, tsaron hanyoyi, aikin yi, da wutar lantarki ga masu sana'a, kowanne da bayanin inda kuɗin zai fito. Muka kuma rubuta tambayoyi mafi ɗaci da za a iya jefa wa ɗan takararmu, ba mu tausaya wa kanmu ba. Barista ya so ya kauce wa wannan zaman, na ce masa, "Ranka ya daɗe, gara ka ji ta a falonka kafin ka ji ta a iska."

Gwajin a falonsa muka riƙa yi bayan isha'i. Wanda zai tsaya a matsayin abokin hamayya bai kamata ya zama ɗan jam'iyyarku ba, don zai yi wasa da sauƙi. Na roƙi wani maƙwabcina, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son shugaban har zuciya, ya zo, kuma ya zo da gaske. Na riƙe agogon waya, wani yaro yana naɗar murya, bayan kowane zagaye mu saurara tare. Naɗin ya fallasa abubuwan da kunne bai kama ba a lokacin. Barista lauya ne, yakan ɗauki minti guda yana share fage kafin ya taɓa amsa, kuma Turanci yana kutso masa kowace jimla. Muka koya masa ya fara da amsar, dalili ya biyo baya. Adadi ma muka sauya masa kaya: maimakon kashi 23.1 cikin ɗari, ya ce kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu da ke shirye su yi aiki ba shi da aikin yi, in an nemi hujja sai ya karanto adadin da sunan hukumar. A Amurka a 1992 kyamara ta kama Shugaba George Bush babba yana duba agogon hannunsa a tsakiyar muhawara, aka daɗe ana maganar. A rediyo abin da ke yin wannan ɓarnar shi ne tsaki, da dariyar raini, da ƙarar takarda kusa da makirufo. Saboda haka muka mayar da komai kan ƙananan katuna masu kauri, kowane batu kati ɗaya, muka bar manyan takardun a cikin fayil don ko-ta-kwana.

Ranar shirin mun isa da wuri sosai. Ana hunturu, Barista ya zo da ruwan ɗumi a flas saboda murya. Muka sake bin layin masu gadi, muka zauna a ɗakin jira, hannuna yana sanyi kamar ni zan yi maganar. Wakilin gwamnati ya iso dab da lokaci, mutum mai fara'a da iya magana. Barista ya miƙe ya ba shi hannu biyu, suka gaisa har da tambayar iyali. Aka jefa kwabo, ya faɗo mu ne za mu rufe, abin da muka fi so. Ni aka ajiye ni bayan gilashi kusa da mai kula da na'ura, ba damar miƙa takarda ko yin alama, don haka wanda ke tunanin zai taimaki mutuminsa daga nan ya cire rai.

Barista ya buɗe da gaishe da waɗanda suka zaɓi shugaban a 2015, ya ce niyyarsu mai kyau ce, kuma shi bai zo ya taɓa mutuncin dattijo ba, ya zo ne a yi lissafin shekara huɗu. Na ga abokin hamayyar ya ɗan gyara zama, don da alama ya shirya wa zagi ne. Ya kawo jirgin ƙasa kamar yadda muka zata, Barista ya yaba, ya yi tambayarsa ta tikiti, ɗakin ya yi shiru na ɗan lokaci. Abokin hamayyar shi ma ya same mu a wani wuri. Ya ce duk wanda ke kukan tsadar mai ya tuna da dogayen layukan gidajen mai da kuɗin tallafin da aka sace a baya, ya kuma tambayi me ɗan takararmu ya taɓa ginawa. Amsar Barista a nan ta tsaya da ƙafarta ne kawai saboda ya riga ya sha wannan tambayar a falonsa. Da aka buɗe layi, wani ya kira daga Tudun Wada cikin fushi ya ce duk ɓarayi ne ke son a sauke Baba. Barista ya ce, "Na gode, ɗan'uwa. Fushinka da ɓarayi nawa ne ni ma. Amma ka faɗa mini, mudun shinkafar da ka saya jiya, nawa ka saye shi a 2015?" Mutumin ya faɗi farashin biyu da bakinsa. Wannan daƙiƙa talatin ɗin ta fi duk takardun da na buga amfani.

Da aka sauka daga iska ban bar gidan ba sai da na karɓi naɗin shirin a filas na kwamfuta, domin in ka bari sai gobe za ka yi ta zarya. A daren muka yanka shi gajeru-gajeru, babu wanda ya wuce minti ɗaya, muka rarraba ta WhatsApp ba tare da mun taɓa maganar kowa ba. A kula da lokaci a nan: doka ta hana kamfe da tallar siyasa a awa 24 na ƙarshe kafin ranar zaɓe. A shekarar INEC ta ɗage zaɓen daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, daga baya ta yarda a ci gaba da kamfe na 'yan kwanaki, muka sake tura guntayen.

Shugaba Buhari ya ci zaɓen da ƙuri'a sama da miliyan 15, ya kuma ci jihar Kaduna inda ya samu ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗora wa muhawara nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. A Amurka Walter Mondale a 1984, da John Kerry a 2004, da Mitt Romney a 2012 duk an yi ittifaƙin sun fi shugaba mai ci a karawar farko, kuma dukansu sun faɗi zaɓe. Mai ci yakan zo da tsatsa, don ya shekara huɗu ba wanda ya katse masa magana, amma yana da jam'iyya da ayyuka da wakilai a kowace rumfa. Abin da muhawara ke saya wa ɗan adawa shi ne a saurare shi, kuma mu mun samu wannan. Gidan rediyon ya sake kiran Barista, kuma a masallacin unguwarsu mutanen da suka daina yi masa maganar siyasa suka dawo suna tsayar da shi da tambayoyi.

Wanda aka ba irin wannan aiki nan gaba, ya nemi tsarin a rubuce kafin komai, ya ɗauki adadinsa daga hukumomin gwamnatin da yake ƙalubalanta, ya shiga kasuwa kafin ya rubuta kalma ɗaya, ya samo masoyin shugaban na gaske ya yi gwaji da shi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta faɗaɗa lokacin kamfe daga kwana 90 zuwa 150, ga kuma gyare-gyaren da majalisa kan yi kafin kowane zaɓe, saboda haka a nemi dokar da ke aiki a lokacin da jadawalin INEC a karanta tun kafin a je wurin furodusa.